Ɗigo ɗaya ya watse kasuwar Garwa

Yaya, yau ɗigon tawada ya kusa kai ni lahira.

Ka san ni nake rubuta wa Baturen Jamus sanarwa da ajami. Da safe tafinta ya ce in rubuta: "Gobe akwai baƙi a Garwa, kowa ya shirya." Na rubuta, aka manna a ƙofar kasuwa. Ashe na sa ɗigo biyu ƙarƙashin harafin farko na kalmar baƙi maimakon ɗaya. Baƙi ya koma yaƙi!

Wani malami ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Kafin azahar kasuwa ta watse. Mahauta sun bar nama a rataye, mata da goyo suna rububin kwalekwale a bakin kogin Binuwai.

Sai ga soja biyu sun tasa ni gaba har bariki. Bature ya ajiye bulala a kan tebur, bai ɗaga murya ba. Tafinta ya ce, "Malam Habu, ya ce in baƙinsa suka tarar da kasuwa wayam gobe, bayanka zai biya."

Na kankare ɗigon da wuƙa, na bi gari lungu-lungu ina rantsuwa. Wasu suka ce an kankare ne don a ɓoye gaskiya.

Na dawo gida na tarar matata Hajara ta ƙulle kayanmu. Na ce mata kuskurena ne. Ta ce, "Malam, shekara goma ban taɓa jin ka yi kuskure a rubutu ba. Ɗauki yaron mu tafi."