Ishawu, Wanda Ɗankwali Ya Cinye wa Suna

Da an idar da sallar asuba, Baba Ishawu zai ja ƙafa zuwa wajen Barikisu mai koko a bakin titin Maamobi. Ba kokon ne ya dame shi ba. Zama yake yana kallon yadda mata ke gyara ɗaurin zani idan faɗa ya tashi a layin famfo, da yadda tsohuwa ke murguɗa baki in an yi mata tayin wulaƙanci. A nan ya yi duk karatunsa.

Lokacin da aka fara wasan kwaikwayo a unguwarsu ta Zongo a Nima, babu uban da zai bar 'yarsa ta hau dandali. Sai aka ɗaura wa Ishawu kafinta ɗankwalin matarsa, aka ce ya fito a Iya Zuera, tsohuwa mai bakin tsiya. Ya aske gashin baki, bai sake tara shi ba. Duk Sallah filin makaranta cika yake maƙil, mu yara muna kan katanga. Iya Zuera ce ta yi ta caccakar masu zuba shara a kwata har suka ji kunya. Ita ce ta kora mata masu juna biyu zuwa awon ciki da barkwanci.

Amma ɗankwalin ya cinye masa suna. Ko a sahun masallaci, "Iya, matsa mana" ake ce masa. Yakan yi dariya, alhali abin na cinsa. Ya taɓa tambayar Barikisu, "Yaya, ranar da na mutu, wa za a ce ya mutu a Zongon nan?"

Sallar bana gwiwoyi suka ce sun gaji. Ya gama wasansa na ƙarshe, ya kwance ɗankwalin marigayiyar matarsa, ya ɗaura wa Fauzia, 'yar wasan da za ta gaje shi. Ya tsaya da furfurarsa a waje. Aka rasa da wane suna za a yi masa kirari. Sai Barikisu ta miƙe daga bencin baya.

"Ei, mutanen Nima! Ishawu ne fa! Ishawu ɗan Abass kafinta!"

Sunan ya bi benci-benci har bakin ƙofa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kukan ƙarya ya yi na gaske.

Baba Ishawu, kai ne ka ba mu dariyar ƙuruciyarmu, muka sāka maka da mantuwa. Mun gode, ka yafe mana. Masu tasowa, ku koyi zama ku kalli mutane yadda ya yi. In kuma kun same shi gobe wajen koko, ku gaishe shi da sunan da ubansa ya raɗa masa.