Goro Uku da Baba Ya Shiga Jirgi da Su

Tayar jirgi na taɓa ƙasa a Maiduguri, Baba ya riƙo hannuna.

Da asuba aka kira mu muna Gwagwalada, ƙaninsa Baffa Umaru ya rasu a Maiduguri, jana'iza bayan azahar. Jirgin nan mai araha kaɗai aljihuna ya iya, wanda ake cewa yana shanya mutane a filin jirgi. Haka na yanki tikiti. Ƙarfe goma aka ce, wallahi ƙarfe goma muka tashi.

Baba tsohon direba ne, a kan hanyar Maiduguri ya tsufa, bai taɓa hawa jirgi ba. Goro uku ya zuba a aljihu yadda ya saba, kowane zango da wanda zai ci: na Jos, na Bauchi, na Potiskum.

Da jirgin ya tsaya ya ce, "Lafiya aka tsaya? Wane gari ne nan?"

Na ce, "Baba, ai mun iso."

Ya buɗe tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. "Ko na Jos ban cinye ba. Ikon Allah!"

Ko shayi ba a ba mu ba, kujera ta matse min gwiwa. Amma da hannunsa Baba ya sa ƙaninsa a kabari.

Masu raina jirgin araha, ku faɗa min, me ya rage bai yi mana ba?