Dutsen Da Mama Ta Ƙi Bari

Muna fitowa daga coci wata ranar Lahadi ƙanwata ta bugo waya, ta ce Mama ta daina saukowa kasuwa. Mahaifiyarmu na zaune a tsohon ƙauyenmu da ke kan dutse, can ƙasar Adamawa, inda ko babur ba ya kaiwa. Kusan kowa ya sauko ya yi gida a gindin dutsen, ita kuwa ta ce ba za ta bar kabarin mijinta da gonar gyaɗarta ba. Shekara bakwai, duk zuwan da na yi ita ke saukowa mu gaisa a gidan ƙanwata. Yanzu in ina son ganinta sai na hau.

"Yaya, za ka iya kuwa?" in ji ƙanwata. Ba zolaya take yi ba, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

A ɗakin karatu na jami'a nake aiki a Wudil. Zama ne aikina, ga tumbi, ga hawan jini da nake shan maganinsa kullum. Ƙasar nan kuma shimfiɗe take kamar faifai, tudun da ya fi kowane a hanyata shi ne na hawa gada. Wata uku ya rage a yi hutun Kirsimeti.

Da matakalar benen ofishinmu na fara gwajin hawa, bene mai hawa uku, da sassafe kafin jama'a su zo. Ranar farko a hawa na biyu na zauna, ina jin bugun zuciyata har cikin kunne. Ni da nake hawa dutsenmu da tulun ruwa a kai ina ɗan shekara goma. A zaman nan na faɗa wa kaina gaskiya: ba aiki ne ya hana ni hawa shekarun nan ba, kunya ce, kada mutanen ƙauye su ga ɗan boko yana haki. Saboda wannan kunyar na bar tsohuwa tana saukowa.

Ranakun Asabar sai in zuba masara kwano uku a jakar goyo, in tafi bakin kogi in yi ta taka yashi. Akwai wani dattijo mutumin ƙauyen Dagumawa mai lambun tumatir a wajen. Sati biyu yana kallona, a na uku bayan mun gaisa ya kasa haƙuri.

"Malam, wai me aka sace maka kake bin sawu haka?"

Na ba shi labari. Ya jingina fartanyarsa.

"Ni Dala kaɗai na taɓa hawa, shi ma ina saurayi. Amma na ga kana sauri, kuma kana ɗingisa ƙafar hagu. Rage kayan nan. Tsohuwa na da rai ai?"

"Tana nan, Baba."

"To, Allah ya sa ka iske ta lafiya."

Ban rage kayan ba, ƙari ma na yi. A sati na bakwai gwiwata ta hagu ta kumbura. Matata tana gasa mini da ruwan zafi tana faɗa, wai so nake a sauko da ni a makara. Likita ya ce in huta. Kwana goma na huta na koma bene, don kwanaki na ta ƙarewa.

Washegarin Kirsimeti muka kama hawa, ni da ƙanwata, rana ba ta yi zafi ba. Numfashina bai ba ni kunya ba, har na fara murna. Sai dai matakalar bene daidai take da juna, duwatsun garinmu kuwa kowanne da tsayinsa, wani ma yana motsi in ka taka. Muna isa tsamiyar da ke rabin hanya, kusa da idon ruwa, gwiwar ta ƙi. Na miƙe sau uku ina komawa zaune.

Ƙanwata ta ce za ta hau ta gaya wa Mama. Na roƙe ta ta ce kawai ban zo ba. Ba ta ko waiwayo ba.

Sai bayan azahar na hango su. Mama na dogara sanda, ƙanwata na riƙe da hannunta, kowane taku sai ta tsaya ta nemi wurin sa ƙafa. Ta rame ƙwarai. Da ta iso ta zauna kusa da ni, ta daɗe tana maida numfashi, sannan ta kwance bakin zaninta ta zuba mini gyaɗa a hannu.

"Wace ƙafar ce?" ta tambaya da harshenmu.

Na nuna mata. Ta dafa gwiwar ta yi addu'a. Na ce tunda ta zo nan, ta ƙarasa ƙasa mu zauna tare. Ta ce awakinta ba su sha ruwa ba.

Ina zaune ina kallo ta juya ta fara hawa. Ban tashi ba sai da dutse ya kare ta. Wasu mata masu komawa daga ɗibar itace ne suka taimaka mini na sauka.

Da na dawo Wudil matata ta tambaye ni mutanen gida. Na ce kowa lafiya. Sai bayan kwana uku na iya gaya mata inda na tsaya.