Jadawalina da Talatar Magina Tukwane

Ana sallame sallar asuba muka bar Unguwar Kanawa a Kaduna, ni da abokina da muka buɗe ɗan kamfanin kai mutane yawon buɗe ido tare, sai direban bas ɗin da muka yi haya. Tafiyar gwaji ce. Asabar ta sama za mu kai baƙinmu na farko, 'yan fansho goma sha huɗu, wani ƙauye da ke gabas da hanyar Zariya su ga yadda ake gasa tukwane. Shugaban ƙungiyarsu aminin mahaifina ne, kuma shi ya tsaya mana har suka yarda. In aka ji kunya, ba ni kaɗai zan ji ta ba.

A cinyata akwai kwali a naɗe, jadawalin aikin ke nan. Na jera ayyuka a hagu, kwanaki a sama, kowane aiki na ja masa layi mai kauri daga ranar farawa zuwa ranar gamawa: hayar mota kore, abinci shuɗi, neman izinin mai gari rawaya, ranar tafiya ja. A makaranta aka koya mana, kuma sati uku na yi ina gyara shi. Ba zan ce babu kuskure a ciki ba, amma dai iya dubawata ban ga ko ɗaya ba.

Tun a Kawo aka fara saɓa mini. Direba ya ce tayar baya tana son iska, mai faci kuwa bai buɗe ba, sai da muka jira ya gama shan shayi. A Katabu muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙara kuɗi, ya kuma rage jiki, har abokina ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ai ba a yaye shi ba. Ban yi dariya sosai ba, ina duba agogo. Tireloli sun yi fakin gefe da gefe, muka bi tsakaninsu a hankali.

Da muka sauka daga kwalta sai jar laka. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi motar tsayi, hanya kuma duk kwazazzabo. Sau biyu muka fito muka tura. Na rubuta a bayan kwalin cewa dattawa ba za su tura mota ba, a nemi wata dabara. Har yanzu ban san wace ba.

Gaida mai gari na ba shi minti goma sha biyar a lissafina. Awa ɗaya da ɗoriya muka yi. Ya tambayi gida, ya tambayi Kaduna, ya tambayi wane ne mahaifina, aka kawo fura, kuma ba a tashi a bar fura. Mutum ne mai kirki, ya ba mu izini ba tare da wata wahala ba, ya sa aka raka mu gidan babbar maginiyar garin.

Mun same ta zaune a rumfa, tsohuwa ce siririya, hannunta duk yumɓu har gwiwa. Randuna da tuluna da kasake ɗanye suna jere a inuwa. Bayan mun gaisa na warware kwalina a ƙasa, na danne gefensa da takalmi, na nuna mata jan layin.

"Inna, ranar Asabar ta sama za mu zo da baƙi su ga gashi."

"Asabar? To su zo su ga toka, ɗan nan. Mu Talata muke sa wuta."

Na ce ko za a iya matso da shi, ko a jinkirta, don baƙi. Ta dube ni kamar na ce a matso da Sallah. Sai ta ɗaga yatsu ta ƙirga mini, amma daga baya ta faro. Kasuwarsu Laraba take ci, don haka Talata da la'asar ake gashi, tukwane su kwana su huce. Kafin Talata sai sun sha iska sun bushe ƙayau, in ba haka ba su fashe a wuta. Kafin shanya gini, kafin gini a jiƙa yumɓu, kafin nan a haƙo shi a bakin rafi.

"Kwana nawa bushewar take ɗauka?" na tambaya, biro a hannu.

"Tambayi hadari," in ji ta. "Wannan zane naka mai kyau, a ina ka sa ruwan sama?"

Ban sa shi ko'ina ba. Abin da ya fi damuna shi ne, duk layukan da na ja namu ne, na mota da abinci da takardu. Aikin da baƙin za su zo gani ba shi da layi ko ɗaya. Asabar kuwa na zaɓe ta ne kawai don a gidan ma'aikaci na tashi, inda ba a fita ko'ina sai ƙarshen mako.

A hanyar dawowa na faɗa musu tafiyar sai dai ta koma Talata. Direba ya ce ranakun aiki yana jigilar 'yan makaranta, sai ya nemi wanda zai riƙe masa. Mai abincinmu ma Asabar muka ce mata. Ina kallon layukan suna zamewa ɗaya bayan ɗaya a kaina, ga baya yana ciwo saboda turin mota.

Ban wuce gida ba, na sauka a Kinkinau wajen shugaban ƙungiyar da lakata a ƙafa. Na daɗe ina kewaye-kewaye, wai akwai yiwuwar a ɗan samu sauyi, wataƙila.

"Kai, faɗi maganarka."

"Baba, sai dai Talata."

Ya yi dariya har da tari. "Mu da muka ajiye aiki, wace Asabar gare mu? Kullum Asabar ce. Amma ka kira su ɗaya-ɗaya da kanka, kada su ji a bakin wani."

Na shiga gida ana kiran magariba, a gajiye liƙis. Washegari na sayi sabon kwali. Wannan karon daga dama na fara, daga Talatar wuta, na dawo baya kamar yadda Inna ta ƙirga, kuma layinta ne a sama, namu a ƙarƙashi. Abin da na koya, in ma na koya daidai, shi ne jadawali bai yi laifi ba, ni ne na zana shi ban tambayi masu aikin ba. Duk layukan na ja su da tawada, ban da na bushewar tukwane. Shi da fensir na ja, kuma tun safe nake leƙa gabas ko hadari zai taso.