Turmin Kaka da Ruwan Baƙi

Ranar wata Laraba, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, muka wayi gari a Nguru ruwa ya kwana yana zuba. Rumfar da muke jibge itace ta rufta, ko tsinke bai tsira a bushe ba. Ina laɓe a ƙofar madafi da jakar makarantata, ina kallon Kaka tana ɗaga faskare ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗiga daga kowanne.

Gidanmu masaukin baƙi ne kusa da tashar jirgin ƙasa. Kakan babanmu ne ya gina shi don fatake da masu kawo bandar kifi daga Gashuwa. Ɗakunan ba wani abin kallo ba ne, tabarma ce da buta da fitila. Da ruwan zafi aka san mu. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce a bayan gida, baƙa wuluk, kuma kowane baƙo sai an kai masa bokiti guda da ganyen darbejiya a ciki kafin a tambayi sunansa. Kaka takan ce, "Gajiya ake fara sallama, sannan a gaisa da mutum." Tsinko ganyen shi ne aikina. Kunya ba ta barina in dubi baƙi, da takalmansu nake gane su.

Ranar jirgi zai iso da azahar, tukunya kuwa ta yi sanyi ƙalau. Baba ya ce, "Inna, yau dai su yi haƙuri, kowa ya ga ruwan da aka yi." Kaka ta ce, "Mai gidan nan wuta ya bar mana gado, ba ban haƙuri ba." Ta shiga ɗaki ta mirgino tsohon turminta, wanda aka kawo ta gidan da shi tana amarya. Ya daɗe da tsagewa, kifa shi take yi ta zauna a kai tana tsintar shinkafa. Ta miƙa wa Baba gatari. Ya tsaya yana jujjuya shi, sai ta ce, "Ko ni zan fasa?"

Da itacen turmin aka hura wa tukunyar wuta. Baƙo ɗaya tak jirgin ya kawo mana, wani dattijo mai takalmin roba da aka ɗinke da zare. Ya fito daga wanka tururi na tashi a kafaɗunsa, ya ce, "Tun ina biyo mahaifina nake sauka nan, ruwan gidan nan bai taɓa yi mini sanyi ba." Kaka ta ce, "Madalla."

Yanzu jirgi ba ya zuwa kamar da. Ƙanena ne ke riƙe da gidan, a kan gas yake ɗora ruwan, amma har yau bokiti ke riga tambaya. Idan na je, nakan tsaya a inda turmin yake zama. Kaka a tabarma ta ƙarasa tsintar shinkafarta, ban taɓa jin ta nemi wani turmin ba.