Kilishin Bahago a Garin Cikin Kwamfuta

A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, ni saurayi ne mai rawar kai a Gusau. Na gama difloma ban samu aikin gwamnati ba, sai kawuna ya ɗora ni a shagonsa na buga takardu da kiran waya kusa da tasha. Gidanmu gidan ma'aikata ne, mahaifinmu bai taɓa yarda ɗansa ya leƙa filin dambe ba, ko kalangu ya ga ka tsaya saurare sai ka sha faɗa. Don haka na tashi na fi duk sa'o'ina sanin kwamfuta, amma ban san komai ba game da abin da ke motsa jinin mutanen garinmu, kuma a ganina ni ne wayayyen. Abin da ya sa na rubuto wa mujallar nan shi ne na ga yara yanzu suna ɗaukar sunayen manya suna talla da su kamar wasa. Ni ma na taɓa yi, kuma saura ƙiris in zubar da mutuncin wani dattijo da ya yarda da ni.

Kawu mutum ne mai son sabon abu, shi ya sa ya haɗa mana kwamfuta da intanet ta layin waya da ke kira har Kaduna. Sai ka yi ta jin ƙarar nan kamar kukan gyare kafin ya kama, in ya kama ɗin ma ba ya jimawa ya tsinke. Wani malamin makaranta da ya dawo daga karatu a waje ne ya nuna mini wani wuri a ciki, gari guda a cikin kwamfuta, da tituna da gidaje. Kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa da ke yawo, sunansa a saman kansa, in za ku yi magana sai ku rubuta. A wani lungu na garin, Hausawa mazauna ƙasashen waje sun gina zaure mai launin jar ƙasa, suna haɗuwa duk Lahadi bayan la'asar. Akwai 'yan kasuwa daga Jidda da Abidjan, akwai ɗalibai daga Alƙahira, sai wani likita a Ingila wanda shi ne kamar mai unguwarsu, kowa Likita yake ce masa. Ni kaɗai ne mai shigowa daga gida, don haka suka ɗauke ni ɗan lele.

Hirarsu ba ta wuce abu biyu, kewar kilishi da labarin tsofaffin 'yan dambe. Akwai wani ɗan damben ƙasar Bunguɗu da ba a tashi ba a ambace shi ba, suna ta rubuta kirarinsa suna cewa ƙasa ba ta taɓa ganin gwiwarsa ba. Ina karantawa ina hamma, har ranar da wani direba ya ce mini ai wannan mutumin yana nan da ransa, shi ne mai kilishin nan na bakin titi a Bunguɗu. A daren ban ci tuwon kirki ba don tunani. Ga mutane masu kewar kilishi, ga gwarzonsu yana yin kilishi, abin da ya rage kawai leda mai kyau da hotonsa da sunansa na fage a jiki, sai waɗannan mutane su zama dillalanmu a garuruwansu.

Na same shi a rumfarsa yana shanya nama a kan gadon kara, dattijo mai faɗin kafaɗa da furfura, ba ya ɗaga murya. Baba nake ce masa tun daga ranar. Na yi ta zuba, ina kwatanta masa garin da babu shi a ƙasa da zauren da ba a gina da laka ba, yana saurare yana korar ƙuda. Da na gama ya tambaye ni ko mutanen da ke cikin akwatin suna sallah, na ce suna yi, ya ce to mutane ne ke nan. Bai yi mini ciniki ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ban tara gona ba, ban tara shanu ba, sunan ga shi kaɗai na tara. In ka ɗauke shi, ka maido min shi yadda kag gane shi." Na rantse masa da sauri irin ta wanda bai san nauyin abin da ya ɗauka ba. Ya shiga gida ya ɗauko mini wani tsohon nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto da shi, na hotonsa a fage, a naɗe cikin tsumma.

Na kai wa mai hoto a Gusau ya wanke, ya fito tas: Baba a ƙuruciyarsa, ya durƙusa, hannu ɗaya a naɗe da kara, igiyar da ɗan dambe ke naɗewa a hannun bugu, ɗayan ya miƙa gaba. Na sa aka buga a ledoji, na kuma shigar da shi kwamfuta. Na shafe kwanaki ina gina rumfa a gefen zauren nan, na kafa hoton babba a ƙofa. Ranar Lahadi na jira aka gama gaishe-gaishe, sannan na ce jama'a su biyo ni in nuna musu abin mamaki. Sai ga 'yan mutum-mutumin suna biye da nawa, ni kuwa bakina har kunne. Na rubuta jawabin da na haddace, cewa gwarzonsu ya aiko ni da kilishin hannunsa da sunansa, ina neman waɗanda za su karɓa su sayar. Da fari aka yi ta barka. Can sai Likita ya matso gaban hoton ya tsaya, ya tambaye ni wane hannu ne a naɗe. Na duba na ce na dama mana. Ya ce to wannan ba shi ba ne, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a fage ya san mutumin nan bahago ne, da hagu yake bugu.

Na shiga rantsuwa cewa hotonsa ne. Zamanin ne da 'yan damfara suka ɓata sunan duk wani mai rubutu daga ƙasar nan, don haka nan da nan zauren ya juya mini baya. Wani ya ce dama ya sha jinin jikinsa da ni, wani ya ce a kore ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya rubuta cewa in ma da sanin tsohon aka yi, to talauci ya sa ya sayar da sunansa ga ɓarayi, kuma zai faɗa wa 'yan uwansa a gida. Likita ne ya tsawatar, ya ce a ba ni zuwa Lahadi mai zuwa in kawo mai sunan da kansa gaban kwamfuta, yana da tambaya guda da zai yi masa. Washegari mai hoton ya duba ya ce ai nagatif ɗin ne ya kifa, dama ta koma hagu. Kuskuren nasa ne, amma da na san mutumin da nake tallar sunansa, da kallo ɗaya ya ishe ni in gane.

Hanyar Bunguɗu ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Na nuna wa Baba ledar, ya yi dariya har da tari, ya ce yau ga shi an ba shi hannun da iyayensa suka yi ta dukansa ya koya bai koya ba. Amma da na faɗa masa abin da aka rubuta game da sunansa, dariyar ta ɗauke. Ya ce in zo in ɗauke shi ranar Lahadi. A motar dawowa na ba direba labari, shi ne ya ce yana zargin tambayar Tsafe za a yi. Wai shekaru da yawa da suka wuce, a wani dambe a Tsafe bayan an ɗauke ruwa, gwiwar Baba ta taɓa ƙasa, wanda a dambe shi ake kira kisa. Mutanen Baba da makaɗansa suka ce santsi ne, aka tashi a haka. Abokin karawar ya yi ta cewa shi ya kashe shi, aka mai da shi maƙaryaci, yara har waƙa suka yi masa, ya bar dambe. Baba kuwa bai taɓa cewa uffan ba, bai kuma sake taka Tsafe ba.

Ranar Lahadi shagon kawu ya cika, direbobi da 'yan kamasho har bakin titi, kowa yana son ganin tsohon gwarzo zai shiga akwati. Baba ya zo cikin farar riga, ya zauna gefena yana kallon 'yan mutum-mutumin da suka yi cirko-cirko a zaure. Layin ya tsinke mana ya sake kamawa, ina ta addu'a a zuci. Bayan gaisuwa Likita ya rubuta tambayarsa, na karanta da ƙarfi: me ya faru a Tsafe ranar da aka yi ruwa? Nan take shagon ya ɗauka, santsi ne, santsi ne, kowa ya sani. Ni kuma da nake ganin ina kare sunan da aka ba ni amana, na fara bugawa cewa santsi ne. Baba bai iya karatun boko ba, amma ya ga yatsuna suna tafiya alhali bai buɗe baki ba. Sai na ji hannun hagun nan ya kama wuyan hannuna, har yau in na tuna sai in ji wurin.

"Goge," ya ce. Na goge. "Rubuta mai, ba santsi na ba. Na kai hagu yab baude, yat tarbe ni ga haɓa. Shi yak kashe ni, kisa mai kyau, kuma na bari anka ƙaryata shi don ina tsoron kirarina ya lalace."

Na buga maganar, a tunanina shi ke nan, mun kashe kasuwar kuma mun kashe sunan. Sai ga rubutun Likita. Ya ce ya gamsu, wannan shi ne, domin mutum biyu ne kaɗai a duniya suka san bugun ya sauka a haɓa, kuma ɗayan, abokin karawar Baba, mahaifin shi Likitan ne, a bakinsa ya ji. Ya ce yana ƙarami a kafaɗar yayansa ya kalli damben, ya girma ana kiransa ɗan maƙaryaci a makaranta, kuma mahaifin nasa yana nan a Tsafe, ƙafafu sun gaza, har yanzu yana ba da labarin ba mai saurare. Na karanta wa Baba. Ya sunkuyar da kai ya share fuska da hannun riga, bai ji kunyar kowa ba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa mafarkinsa ba. Mutumin da ya ce Baba ya sayar da sunansa shi ya fara neman gafara, ɗan kasuwar Abidjan ya ce ya karɓi dillanci, na Jidda ya ce a haɗa shi da masu tafiya can su riƙa kai masa. Likita ya ce shi ne mai saye na farko, amma ba Ingila za a kai masa ba, a kai wa mahaifinsa Tsafe. Baba ya ce ba direba zai ba wa ba, da ƙafarsa zai kai. Muka sake buga leda da hagu a inda take, muka tafi. Direbobin tasha sun riga mu kai labari, don haka mun tarar da ƙofar gidan cike da mutane. Aka fito da tsohon a kan tabarma. Baba ya durƙusa, ya sa gwiwar nan a ƙasa a gabansa, ya maimaita abin da ya faɗa a gaban duk unguwa. Tsohon ya kama hannunsa na hagu ya riƙe, ya yi ta dariya da hawaye, ya ce shi haƙoran cin kilishi ma sun ƙare, amma a buɗe a raba wa yaran unguwa, jikokin waɗanda suka yi masa waƙa.

Kasuwar ta yi albarka. Baba ya ɗauki ma'aikata daga garuruwan Nahuce da Furfuri da ke kusa, ya gina rumfar siminti, ni ma a cikinta na yi aure na buɗe shagon kaina. Garin cikin kwamfutar nan ya daɗe da rushewa, amma dillalan da muka samu a zauren suna nan, wasu 'ya'yansu ne ke karɓa yanzu. Duk da haka ba na tuna ranar ba tare da jikina ya yi sanyi ba, domin da Baba ya makara da kama hannuna da ƙiftawar ido, da na aika ƙaryar, Likita ya tabbatar mu 'yan damfara ne, mahaifinsa kuma ya mutu ana ce masa maƙaryaci. Ina roƙon matasa masu tallar sunayen mutane, kafin ku ɗora sunan wani a kan kaya, ku je ku zauna da shi ku san shi, ko da sanin hannun da yake amfani da shi ne. Kuma in aka yi masa tambaya, ku ɗaga yatsunku ku jira ya amsa da bakinsa. Kafin Allah ya yi wa Baba rasuwa na taɓa tambayarsa ko na maido masa da sunansa yadda na same shi. Ya ce a'a, na maido masa da shi ya fi sauƙin ɗauka.