Jan tauraron wani tsoho

Ban taɓa shiga soja ba, kaza ma sai dole nake yankawa, amma a zamana na Doha na tara lambobin yabo na sojojin Tarayyar Sobiyet har suka cika gwangwanin alewa. Abin ya faro ne wata Juma'a da yamma a kasuwar Souq Waqif. Na shiga wani shagon tsofaffin kaya neman butar shayi, na fito da jan tauraro na azurfa mai tsini biyar. Mai shagon bai san tarihinsa ba, ya ce a akwati ɗaya ya zo masa da matattun agoguna.

Da na koma gida a unguwar Matar Qadeem, matata ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Abban yara, sa'o'inka na sayen filaye a gida, kai kana sayen kwalliyar matattu." Na yi dariya, amma ban daina ba. Tara su bai dame ni ba kamar sanin masu su. A bayan kowane tauraro akwai alƙaluma da aka karce da hannu, kuma na gano akwai masu bincike a can da ke shiga rumbun takardun sojan. Ka aika musu alƙaluman, ka yi haƙuri, wata rana su turo maka sunan mutum da abin da ya yi aka ba shi.

Takardun da Rashanci suke zuwa, ni kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba. A asibitin da nake aikin haɗa magani akwai wata likitar yara 'yar Uzbekistan, mace mai faɗa da saurin yafiya, ita ke karanta mini a lokacin hutun rana. Ta bakinta na san wani direba da ya yi ta kai harsashi cikin dusar ƙanƙara, da wata ma'aikaciyar jinya da ke jan raunanan sojoji a kan bargo. Yawancinsu hanyar a kabari take ƙarewa, ko ta ɓace gaba ɗaya. Sai in mai da tauraron gwangwani.

Amsar tauraron farko ita ta fi daɗewa. Da ta zo, likita ta karanta sunan ta dube ni. Suna ne irin namu, wanda liman zai raɗa wa jariri a Kano babu mai ɗaga kai. Mutumin ɗan wani ƙauye ne a yankinsu, aikinsa a yaƙin duniya na biyu jan wayar tarho, kuma an ba shi tauraron ne don ya ƙetare kogi da wayar ana ruwan wuta. Ta sa danginta cigiya. Bayan watanni labari ya zo cewa yana raye, ya haura casa'in, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune da jikarsa.

Nan take na ga abin ya tashi daga kayan sha'awa ya zama amana. Mai abu yana numfashi, ni kuma ina ajiye masa kaya a gwangwanin alewa. Likita ta ce a fara rubuta wa jikar. Na ce sam. A wurinmu maganar da ta shafi babba, babba ake fara kai wa, ba a tsallake dattijo a je ana ƙus-ƙus da jika. Ta ce, "Haba, ka ji shawara." Na kafe, don ni idan na ɗauka ina kan ladabi, ko jaki ya san bai kai ni taurin kai ba. Na sa ta ɗauki muryata ina gaishe da tsohon, ina tambayar gajiya da iyali da ƙarfin jiki, sannan na yi masa albishir cewa tauraronsa da ya ɓata yana hannuna. Ta fassara tana girgiza kai.

Allah ya taimake ni tsohon ba shi da waya, dole saƙon ya bi ta wayar jikar. Kashegari ta kira likita tana kuka. Ashe a sanin kakanta tauraron bai taɓa ɓata ba. A shekarun da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, abinci ya yi wuya, mahaifinta ya cire shi daga rigar tsohon ya sayar, ya maƙala jabu a madadinsa. Mahaifin ya rasu bai faɗa ba. Tsohon kuwa duk shekara, ranar bikin tunawa da nasara, yana sa rigar ya zauna a ƙofar gida ana zuwa gaishe shi. Idan ya ji saƙona, abin da zai ji shi ne ɗansa ya yi masa sata.

Na ji kunya, sannan na ji haushi, kuma haushin ya fi daɗewa. Na riga na gama tsara yadda tsohon zai sa mini albarka, har na fara tunanin wa zan fara ba labari a masallaci. Na yi ta ƙorafi a gida cewa ni da na yi abin kirki an mai da ni kamar mai laifi. Matata tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To kai godiyar kake so ko kayansa kake so su koma? Ɗan nasa da ya rasu ma yana da haƙƙin a rufa masa asiri."

Muka shirya da jikar cewa za a musanya a ɓoye. Da likita za ta tafi hutu, na naɗe tauraron a sabon hankici na ba ta. Sharaɗin shi ne ba sunana, ba gaisuwa, ba albishir. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin aika wa dattijo kaya babu ko sannu abu ne da ba a koya mini ba. Ta karɓa ta ce, "Khalas, shi ke nan, ka bar sauran gare mu."

Da ta dawo muka zauna a ɗakin cin abinci na asibiti, ta ba ni labari. Jikar ta cire jabun ta ɗaura na gaske ana gobe biki. Da safe aka sa wa tsohon riga, ya shafa ƙirjinsa kamar yadda ya saba, sai hannunsa ya tsaya a kan tauraron. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya fita ya karɓi gaisuwar mutane, ya sha shayinsa. Sai da kowa ya watse ya kira ta, ya ce gobe ta kai shi kabarin mahaifinta.

Na tambayi likita ko ya yi fushi. Ta ce a'a. A hanyar maƙabarta ya gaya wa jikar cewa tun ranar da aka musanya na farko ya gane, don nasa ya fi nauyi, kuma mutum ba ya manta nauyin abin da ya daɗe a ƙirjinsa. Jikar ta ce to me ya sa bai taɓa magana ba, duk shekarun nan yana fita da jabu a gaban mutane. Ya ce ai shi ma ya ci burodin da aka yi a gidan a hunturun da aka yi musanyar, kuma ya san inda aka samo fulawar.